Takardar Kan Sarki a Matsayin Shaidar Zamani: Darasi ga Mai Nazarin Takardun Ajami na Ƙasar Dutse

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake tantance ire-iren takardar da aka buga kan sarki a kanta a Nijeriya, tun daga 1900 har zuwa bayan sauyin kuɗi na 1973. Manufarta ita ce nuna cewa ilimin da 'yan kasuwar kan sarki ke amfani da shi wajen sa farashi yana iya zama wa manazarcin Hausa ma'aunin gane shekarun wasiƙu da rasidai da takardun ciniki na Ajami waɗanda ba su ɗauke da shekara. An ɗauki Dutse da garuruwan tsakiyar Jihar Jigawa a matsayin fagen misali.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba da takardun Ajami ya san matsalar shekara. Marubucin waƙa yakan rufe da ramzi, sai a lissafa haruffa a fitar da shekarar Hijira. Marubucin wasiƙa ko takardar sayen gona kuwa sau da yawa rana da wata kawai yake ambata, wani lokaci ma ba ya ambatar komai, domin shi da wanda ya rubuta wa sun san shekarar da suke ciki. Bayan shekara saba'in ko tamanin sai takardar ta faɗo hannun manazarci, ko ta bayyana gaban alƙali a shari'ar gado, kuma babu mai iya cewa ga lokacin da aka rubuta ta.

Wasu daga cikin irin waɗannan takardu suna ɗauke da kan sarki, ko dai a jikin ambulan ko a ƙasan rubutun inda aka sa hannu a kansa, kamar yadda dokar harajin takardu ta sabar wa mutane a kan rasidi da yarjejeniya. Wannan ɗan ƙyallen takarda, wanda bai wuce faɗin babban yatsa ba, an san masana'antar da ta buga shi, an san shekarar da ya fito, kuma a lokuta da dama an san shekarar da aka sauya takardar da ake buga shi a kai alhali hoton bai sauya ba. Wannan batu na ƙarshe shi ne jigon maƙalar.

2.0 Tambarin Cikin Takarda

Manazarcin rubutun hannu ba baƙo ba ne a wannan fage, ko da bai taɓa riƙe kundin kan sarki ba. Mafi yawan littattafan da malamai suka kwafa a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 an rubuta su ne a kan takardar Italiya mai wata uku, wadda idan aka ɗaga ta sama ana ganin jinjirin wata uku a jere cikin jikinta. Masana'antar iyalan Galvani da ke Pordenone ta yi suna wajen yin ta, kuma haruffan AG da ake gani a wasu warƙoƙi sunan Andrea Galvani suke nunawa. Ta hanyar Tarabulus da Masar take ƙetaro Sahara. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da ita da yawa a kasuwa, har ya lura cewa ana naɗe tufafin saƙa da ita. Terence Walz ya yi nazarin cinikinta, Michaelle Biddle kuma ta nuna yadda za a yi amfani da tamburanta wajen ƙiyasta shekarun littattafan Arewacin Nijeriya.

Tambarin ciki ba bugu ba ne, bambancin kauri ne. A takardar hannu, ana ɗinka siffar da waya a jikin rariyar da ake ɗebo ɓawon takarda da ita, sai wurin wayar ya fito da sirantaka, haske ya riƙa ratsa shi. A takardar inji kuwa, wani gangan waya ne ke birgima a kan takardar tun tana jiƙe ya danna siffar. Takardar kan sarki ta inji ce, shi ya sa ba a ganin layukan rariya a jikinta irin waɗanda ake gani a mai wata uku. Amma idon da ya koyi neman jinjirin wata shi ne dai zai nemi kambin sarauta.

Akwai wani abin lura daga Sudan, inda Hausawa masu niyyar aikin hajji suka yi zango har suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno. Kan sarkin Sudan mai hoton ɗan aike bisa raƙumi ya fito a 1898 da tambarin ciki mai kama da fure mai kunne huɗu. A 1902 aka maye gurbinsa da wata da tauraro, kuma bayanin da aka saba bayarwa shi ne tsohon tambarin ya yi kama da gicciye. Wanda ya sami tsohuwar wasiƙar alhazai daga can yana da wannan ma'auni a hannunsa.

3.0 Daga 1900 zuwa 1914

An kafa mulkin Ingila a Arewacin Nijeriya ranar 1 ga Janairu 1900, kuma a cikin shekarar aka fitar da kan sarki mai sunan yankin, kashi tara, daga na ɗari har zuwa na sule goma. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga shi, da hoton Sarauniya Bitoriya. A 1902 aka sauya zuwa hoton Sarki Edward na Bakwai. Tun da Kano ba ta faɗa hannun Turawa ba sai a Fabrairun 1903, Haɗeja kuma sai a Afrilun 1906, kan namiji mutanen wannan yanki suka fara gani a jikin wasiƙa. A ganin mai wannan maƙala, wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa sunan ya zama kan sarki, ya kuma zauna haka har zamanin Sarauniya Elizabeth, har zuwa yau da ake buga shi da hoton dabbobi da gine-gine.

Fitowar 1900 da ta 1902 duk tambarin cikinsu ɗaya ne: kambi guda a bisa haruffan CA, kowane kan sarki da nasa a tsakiya. Haruffan suna nufin Crown Agents, ofishin da ke yi wa ƙasashen mulkin mallaka sayayya a Landan. Daga 1904 aka kawo sabuwar takarda wadda kambin da haruffan suka ƙanƙance suka kuma yawaita, ta yadda a bayan kan sarki guda za a ga ɓangarorin kambi biyu ko uku. Hoton gaba bai sauya ba. Saboda haka kan sarkin kwabo na Edward mai kambi guda da mai kambi barkatai, a ido tagwaye ne, amma na biyun ba zai yiwu ya hau wasiƙa a 1903 ba. A kan wannan sabuwar takarda aka buga na fam 25 a 1904, kore da ja, wanda aka yi amfani da shi wajen biyan kuɗin lasisin barasa. Shi ne mafi tsada a duk abin da aka buga da sunan Arewacin Nijeriya, kuma babu dalilin da zai sa a yi tsammanin samunsa a adakar wani gida a Garu ko Kiyawa.

Sauyi na biyu ya fi wuyar ganewa. Hukuma tana fargabar masu wanke hatimi su sake amfani da kan sarki, musamman wanda aka soke da alƙalami a kan rasidi. Maganin farko shi ne tawada mai gudu, wadda ke zuba da zarar an taɓa ta da ruwa ko sinadari. Irin wannan tawada ba ta samuwa a kowane launi, shi ya sa kan Sarki a waɗannan fitowa yake zuwa da shuɗi-ja mai duhu ko kore, sunan ƙasa da farashi kuma da wani launi dabam. Magani na biyu shi ne shafa wa fuskar takardar alli kafin bugu, domin tawadar ta zauna a kan allin, duk wanda ya yi ƙoƙarin wankewa ya tafi da hoton gaba ɗaya. Yawancin kashin fitowar 1905 sun fara zuwa a takarda gama-gari, sannan daga 1906 suka fito a mai alli.

Yaya ake bambance su? Mai alli ta fi santsi, tana ɗan ƙyalli idan aka karkata ta ga haske, layukan hoton kuma sun fi kaifi domin tawadar ba ta nutse cikin zaren takarda ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, fuskar takarda gama-gari tana nuna zare-zare, ta mai alli kuwa a shafe take, da 'yan ƙananan ramuka inda kumfa ya fashe lokacin shafi. Tsofaffin masu tara kan sarki suna goga azurfa a gefe: idan ta bar zane kamar na fensir, mai alli ce. Gwajin yana aiki, amma yana barin tabo, kuma bai dace a yi shi a kan abin da ake son adanawa ba. Zoben azurfa ya tsaya a yatsa.

4.0 Takarda Mai Launi da Batun Farin Baya

Daga 1910 aka shigo da tsarin launi na bai-ɗaya ga ƙasashen mulkin mallaka, inda wasu kashin ake buga su a takarda mai launi: taro a rawaya, sule a kore, sule biyu da sisi a shuɗiya, sule biyar a rawaya, sule goma a kore. Tsarin ya ci gaba a fitowar Sarki George na Biyar ta 1912, ya kuma ƙetara zuwa kan sarkin haɗaɗɗiyar Nijeriya da ya fito a watan Yunin 1914, wata biyar bayan haɗe Kudu da Arewa.

A nan ne ire-iren takarda suka fi yawa, kuma a nan ne masu tarawa suka fi yin gardama. Bugun farko na 1914 na taro da na sule an yi shi a takardar da fuskarta kawai aka rina, bayanta fari fat. Daga 1915 aka koma takardar da launin ya ratsa ta gaba da baya. Amma launin bai tsaya wuri ɗaya ba. Rawayar taro ta fito kamar ɓawon lemun tsami, ta fito da duhu, wajen 1920 ta karkata zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, daga baya ta koɗe. Koren sule shi ma haka: akwai mai baya ruwan ganyen zaitun, akwai mai kore shar na wajen 1920. Ana danganta wannan rikicewa da Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin Jamus ce ke kan gaba wajen yin sinadarin rini, da yaƙi ya tsinke ciniki sai masana'antun Ingila suka riƙa haɗa abin da ya samu. Kundin Stanley Gibbons ya ba kowane iri lambarsa, kuma tazarar farashi tsakanin iri biyu masu fuska ɗaya tana iya zama mai faɗi ƙwarai, musamman a na sule goma.

Ga manazarcin Ajami, ribar ita ce kan sarki guda mai hoto guda ya rabu zuwa zango uku ko huɗu a cikin shekara bakwai. Wahalar kuma ita ce shaidar tana bayansa, bayan kuwa a manne yake. Abin da ake iya yi ba tare da ɓanɓarewa ba shi ne duban bakin haƙoran gefe da madubi: idan launin fuska kawai aka shafa, tsinin haƙoran yakan nuna fari a kaurinsa.

A 1921 tambarin ciki ya sake sauyawa. Haruffan CA suka koma rubutun tafiyar tsutsa mai lanƙwasa, siffar kambin ma ta canja. Wannan takarda ta daɗe: ita ce ta ɗauki fitowar George na Shida ta 1938 da ta Elizabeth ta 1953 mai zanen Maurice Fievet.

5.0 Abin da Ake Sa Ran Samu a Ƙasar Dutse

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da fagen. A farkon mulkin Turawa Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano, kuma wasiƙun hakimi da na alƙali manzanni ne ke kai su, hatimi suke ɗauka, ba kan sarki ba. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya bi, ya bar Dutse da Birnin Kudu a kudu. Cinikin gyaɗa da kantunan kamfanoni da akawunansu, wato masu yawan mu'amala da gidan waya, a bakin dogo suka taru. Don haka hankali ya fi karkata ga cewa abin da za a fi samu a gidajen Dutse da Jahun da Kiyawa na zamanin George na Shida ne zuwa gaba, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan ci-rani suka yawaita. Na Edward da na George na Biyar sai dai a fayilolin Lardin Kano da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ko a gidajen tsofaffin fatake.

Wannan ya sa fitowar bayan 'yancin kai, wadda masu tarawa na Turai ba su cika damuwa da ita ba, ta fi muhimmanci a gare mu. Fitowar 1961 tana da tambarin ciki na haruffan FN a maimaice. Jerin dabbobi na 1965 an fara buga shi a Turai, daga 1969 kuma kamfanin buga kuɗi da takardun tsaro na Nijeriya da ke Legas ya sake buga shi da sunansa a ƙasan hoton da ƙananan haruffa. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, harafin d da alamar sule suka ba k da N wuri. Jerin 1973 ya fara fitowa a takarda marar tambari, daga tsakiyar shekarun 1970 kuma a takarda mai kalmar NIGERIA a cikinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan iyaka ce da takarda ba za ta iya gabatarta ba.

A ɗauka an kawo takardar sayen wata gonar dabino, da Ajami, an ce an rubuta ta shekara biyu kafin 'yancin kai, ga kan sarki a ƙasa an sa hannu a kansa. Idan hoton Sarauniya ne a kusurwa kuma haske ya nuna lanƙwasassun CA, magana ta daidaita, ko da yake ba ta tabbata ba. Idan FN ya bayyana, to ba a manna shi kafin 'yancin kai ba. Idan farashin da k aka rubuta shi, tazarar ta kai shekara goma sha biyar. Sai dai a kula da iyakar hujjar. Kan sarki yana faɗin shekarar da takarda ba ta riga ta ba, amma ba ya faɗin shekarar da ba ta wuce ba, domin mutum yana iya ajiye shi a aljihun littafi shekara goma kafin ya yi amfani da shi. Mai son yin jabu kuma yana iya samo tsohon kan sarki ya manna a sabuwar takarda. Saboda haka ake duban ko sa hannun ya ratsa daga kan sarkin zuwa takardar da tawada ɗaya ba tare da tsinkewa ba, a kuma haska takardar kanta da fitilar gano jabun kuɗi irin ta banki. Takardun da aka yi daga shekarun 1950 zuwa gaba galibi an sa musu sinadarin ƙara fari, suna walƙiya da shuɗi a ƙarƙashin wannan fitila, tsofaffi kuwa dushe suke. Takardar da aka ce ta zamanin George na Biyar ce, in ta yi walƙiya, akwai tambaya a kanta.

6.0 Iri ne ko Lalacewa?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ɓarna a matsayin iri mai wuyar samu, kuma yanayin ƙasarmu yana taimaka wa wannan kuskure. Takardar da ta shekara hamsin a ɗakin da ake hura wuta takan yi ja-ja, har fara ta koma kamar rawayar taro. Zafin bazara yana dafa ƙaron baya ya rine takardar. Laimar damina tana kawo ɗigon tsatsa, hunturu kuma ya busar da ita ta riƙa karyewa. Hasken rana yana cin kore da shuɗi-ja, sai a ga launin da babu shi a kowane kundi a ɗauka an yi tsintuwa.

Hanyar rarrabewa ita ce neman daidaito. Launin masana'anta iri ɗaya ne daga gefe zuwa gefe, na hayaƙi kuwa ya fi duhu a baki, kuma yakan shafi ambulan ɗin tare da kan sarkin. Idan kan sarki da takardar da ke ƙarƙashinsa sun yi ja tare, ɗaki ne ya rina su. Haka nan kan sarki mai alli da aka taɓa jiƙawa yana rasa ƙyallinsa ya koma kamar gama-gari, amma hoton zai nuna koɗewa da dusashewar layuka. Kwatanci da wani wanda aka tabbatar da shi, a ajiye su gefe da gefe a hasken safe, ya fi duk wani bayani da za a karanta. Mujallar Cameo ta ƙungiyar West Africa Study Circle tana da amfani a nan, domin mambobinta sun daɗe suna bin bugu-bugun Afirka ta Yamma ɗaya bayan ɗaya.

Game da ganin tambarin ciki kuwa, masu tarawa suna kifa kan sarki a baƙin faranti su ɗiga masa wani ruwa mai saurin bushewa. Wannan na wanda aka riga aka cire ne. Wanda ke manne a takardar Ajami ba a kusantarsa da ruwa kowane iri, domin tawadar gargajiya ta gawayi da ƙaro tana narkewa nan take. Abin da ya rage shi ne haske: a sa fitila mai sanyi a bayan takardar a ɗaki mai duhu, ko a kwantar da hasken daga gefe ta yadda ƙananan kwaruruwan tambarin za su yi inuwa, a ɗauki hoto, a ƙara masa kaifi a kwamfuta. Ambulan mai kauri yakan hana ganin komai. A irin wannan hali sai a rubuta cewa ba a tantance tambarin ba, a dogara da hoto da farashi da hatimin gidan waya.

Babbar asara ita ce ɓanɓarewa. Mai neman abin sayarwa yana yage kusurwar ambulan ya jefar da sauran, alhali kan sarkin kwabo na George na Shida an buga shi da yawan gaske, shi kaɗai kusan ba shi da wata daraja a kasuwa. Darajarsa tana tare da hatimin da ya nuna garin da aka jefa wasiƙar da ranar, da adireshin da aka rubuta da Ajami ko da boko, da wasiƙar da ke ciki. Ko a wurin masu tarawa, ambulan cikakke mai hatimin ƙaramin gidan waya ya fi kan sarki tsura nesa ba kusa ba. Sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'i sukan tura ɗalibai gidaje neman waƙoƙi da takardu. Zai kyautu takardar bayanin da ɗalibi ke cikewa ta sami gurbin kan sarki: hoton wa ke jiki, nawa ne farashinsa, wane launi ne takardarsa, me haske ya nuna, kuma a ɗauki hoton ambulan gaba da baya kafin a mayar wa mai shi yadda aka same shi.